Wa ya ce duk jiragen ɗaya ne?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Maganar da baƙonku ya yi a shirin ranar Asabar ce ta hana ni sakat. Wai a wasan yaƙin jiragen sama na kan tebur duk jiragen ɗaya ne, fenti ne kawai ya raba su, sabon shiga ya ɗauki wanda ya burge shi, sauran kuma sa'a ce. Mai gabatarwa ya yi dariya ya amsa masa da "haka ne", aka wuce. Haba! Wanda ya faɗi wannan ko dai bai taɓa zama gaban teburin ba, ko kuwa ya zauna sau ɗaya, aka kakkaɓo shi, ya tashi yana ɗora wa sa'a laifi.

Ni ma da wannan tunanin na shiga, kuma yaro ne ya cire mini shi. Ɗan yayana ya koya mini wasan. Ranar farko ya jera ƙananan jiragen ya ce, "Kawu, zaɓi." Na ɗauki Sopwith Camel don sunansa ya ba ni dariya, jirgi da sunan raƙumi. Ya miƙo mini katunansa, ya ce in zaɓi uku in kife su, sai a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya matsa da jirginsa bisa kibiyar da ke jikin katin. Ban ma duba katunan da kyau ba. Duk lokacin da ya biyo ni sai in sha kwana ta hagu, shi kuma sai ya yanko ta ciki ya zauna a bayana yana ruwan harsashi. Sau uku a dare ɗaya ya saukar da ni. Na ce sa'a ce, irin maganar baƙonku sak.

Sai ya baje katunan Camel ɗin a kan tebur ya ce in ƙirga. Kwanar dama ta fi ta hagu kaifi nesa ba kusa ba. Na ce kuskuren masu buga katin ne. Ashe ba kuskure ba ne. Jirgin na gaske, wanda Birtaniya ta fara yaƙi da shi a 1917, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, injinsa gaba ɗaya yake juyawa tare da farfela, kuma nauyin ƙarfen nan mai juyawa yana fizgar jirgin zuwa dama. In ka karkata dama sai ya juya kamar walƙiya, hancinsa na neman ƙasa. In ka karkata hagu sai ya yi nawa, hancinsa na ɗagawa sama. Wannan halin ya hallaka masu koyon tuƙi da yawa tun ba su ga abokin gaba ba, amma a hannun gwani shi ne makaminsa. Ni kuwa dare guda na kwashe ina yaƙi da jirgina maimakon in yaƙi yaron. Shin wannan fenti ne, Malam Edita?

Mako na gaba na ce ai na gane, na ɗauki SPAD XIII na Faransa, na shiga zagaye da shi ina neman wutsiyarsa. Yaron kuma yana tuƙa Fokker Dr.I na Jamus, mai fukafukai hawa uku. Nan ma na sha kashi, don SPAD ba jirgin kwana ba ne. Kibiyoyin katunansa dogaye ne, kwanarsa faffaɗa. Aikinsa gudu: yana wuce kilomita 200 a awa, alhali mai hawa ukun yana wajen 180. Wanda ya san SPAD sai ya hau sama, ya sulalo da ƙarfi, ya yi harbi, ya wuce abinsa, ya yi nisa, sannan ya juyo ya sake. In ka tsaya kokawa da Dr.I a ƙaramin fili, ka ba shi abin da yake so, don shi hawa da juyi ne gadonsa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai da na yi kusan wata biyu kafin hannuna ya daina kai wa katin kwana duk lokacin da na tsorata, kuma ranar da na fara cin yaron da SPAD ban sha kwana mai kaifi ko sau ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shawarar da baƙon ya ƙara da ita, wai in mutum ya rasa na zaɓa ya ɗauki jan jirgin nan mai hawa uku tunda shi ne na Manfred von Richthofen, shahararren matuƙin jirgin yaƙin Jamus. To, Richthofen ya kakkaɓo jirage 80 kafin a kashe shi ranar 21 ga Afrilu 1918, amma mafi yawansu ba a cikin mai hawa ukun ya kakkaɓo su ba, a cikin Albatros ne, wani jirgin Jamus. Albatros ɗin ma da nasa ciwon: in aka matsa masa wajen sulalowa, fiffikensa na ƙasa kan karye. Ka ga ko shi gwanin sai da ya san iyakar abin da yake tuƙawa. Ka ba sabon shiga Dr.I ba tare da ka gaya masa cewa ba zai iya kamo kowa ba, kuma ba zai iya tsere wa kowa ba, sai ya yi ta bin jiragen da suka fi shi gudu har a gama wasa bai harba ko ɗaya ba. Na ga an yi haka a teburinmu. Mutumin bai sake dawowa ba, ya ce wasan ba daɗi.

Ban ma zo kan jirage masu kujera biyu ba. Ranar da na lallaɓa bayan Bristol F.2 ina murna na samu nama, sai mai bindigar baya ya wanke ni tas. A nan na koyi cewa akwai jirgin da bayansa ba wurin zama ba ne, sai dai ka shigo masa ta ƙarƙashin wutsiya inda bindigar ba ta kaiwa. Su kansu Turawan Birtaniya sai da suka biya kuɗin makaranta a kan wannan jirgin. Fitarsa ta farko, ranar 5 ga Afrilu 1917, guda shida suka tashi, mutanen Richthofen suka saukar da huɗu, saboda matuƙan sun jeru a hankali suna dogara da bindigar baya. Da suka gane a tuƙa shi da zafi kamar mai kujera ɗaya, ana harbi da bindigar gaba, sai ya zama abin tsoro. Jirgi ɗaya ne, inji ɗaya, abin da ya canza shi ne an fahimci halinsa.

Ban ce babu sa'a a ciki ba. Akwai. Kana iya jan katin lahani bindigarka ta cije, ko injinka ya kama hayaƙi a harbin farko. Amma ni da yaron nan mun yi wasa ya fi sau hamsin, kuma in sa'a ce ke yanke hukunci, me ya sa duk ashirin ɗin farko shi ya ci? Me ya sa da na fara baje katunan jirgina da na abokin karawata kafin a soma, ina duba wa ya fi gudu, wa ya fi kwana, wa ya fi jure harsashi, sai lissafin ya fara sauyawa? Minti biyar wannan dubawar take ɗauka. Ita ce ya kamata baƙonku ya gaya wa masu sauraro, ba ya tura su su zaɓi launi ba.

Ina roƙon ku dawo da maganar, ku gayyato wanda ya san wasan, ku aje Camel da SPAD a gabansa ya yi bayani. In ba ku samu kowa ba, ɗan yayana yana nan, shekararsa goma sha huɗu.

Sannan don Allah ku yi wa mai kula da sauti magana. Kiɗan da ake sakawa ƙarƙashin hira ya yi ƙarfi, makonni uku ke nan a jere. Rabin abin da baƙon ya faɗa a ƙarshen shirin ban ji ba, kuma da aka zo karanta saƙonnin masu sauraro sai aka yanke na ƙarshe a tsakiya aka saka talla.

Naku,
Mai sauraronku na kullum.