Sanarwa ga ƴan Ader mazauna Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Juma'a mai zuwa za mu yi addu'ar kwana arba'in ta Inna a gidanmu na Tawa, bayan la'asar. Wanda tafiya ta yi wa nisa ya yi mata addu'a daga inda yake.

Da yawa cikinku kun sha furar hannunta. A yunwar 2005, bayan fari da fara sun cinye amfanin gona, tiya ɗaya ta gero take daka mana, mu da almajiran unguwa. Ta zuba ruwa da yawa don furar ta kai ga kowa, ta ɗaga ludayi ta ce alhamdulillahi kamar an yanka mata rago. Ban taɓa jin ta yi gori a kan abin da ta ba wani ba. Yaro ma ya kawo mata ruwa, sai ta sa masa albarka.

Saboda haka iyali suka yanke: ba rumfuna, ba kujerun haya. Kuɗin za su tafi sayen gero, a raba wa zawarawa da tsofaffin unguwa, ba ɗaukar hoto, ba kiran suna. Mai son sa hannu ya yi min magana a gefe kafin Laraba. Allah ya jiƙanta da rahama.