Wa ya ce tarihin shagunan ƙauye ya ɓata?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Lahadi daga farko har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci da maganar baƙonku, wai tarihin shagunan da ke babban titin ƙauye ya riga ya ɓata tunda ba wanda ya rubuta shi. Ya faɗa, mai gabatarwa ya ce masa haka ne, aka wuce kan ofishin hukuma da gidajen manya, aka cinye sauran lokacin a can. Ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan.

Ni birkila ne. Da cokali da igiyar awo na ci abinci har ƙarfina ya ƙare, kuma yawancin aikina gyaran tsofaffin gine-gine ne a ƙananan garuruwa. Duk wanda ya taɓa kankare filasta a fuskar tsohon shago ya san bango ba ya ɓoye abin da ya gani. An taɓa ba ni aikin sabunta wani shago, ina kankarar fenti sai suna ya fito, na ƙara kankara wani sunan ya fito a ƙarƙashinsa, har na tarar da na asali da aka rubuta da baƙin fenti kan farar ƙasa. Mai shagon da kansa bai san an taɓa ɗinki a wurin ba sai ranar. A ciki kuma ga ƙugiyar ƙarfe a jikin katakon rufi inda ake rataya sikeli, ga dokin ƙofa ya lotsa a tsakiya saboda takun masu saye, ga wata 'yar kafa da aka toshe da siminti wadda a da ta nan ake jefa wasiƙa. Wannan duka ba tarihi ba ne?

Da baƙon naku ya tambayi mai gini, da an nuna masa yadda ake gane shekarun shago. Ƙofa mai faɗi da aka rage, ka san da can amalanke ko mota ke shiga da kaya. Rufin da hayaƙi ya dafe, maƙeri ne ya zauna. Inda girman bulo ya canza a tsakiyar bango, a nan aka ƙara ɗaki lokacin da kasuwa ta buɗe. Kayan ginin ma suna da shekarunsu. Simintin da muke aiki da shi, Joseph Aspdin ne ya yi masa rajista a Ingila a 1824, kuma shi ma birkila ne a garin Leeds, ba farfesa ba. Kwanon rufi, Henry Palmer ya yi masa rajista a Landan a 1829. Ƙusa mai kusurwa huɗu ta girmi zagayayyar ƙusar inji, wadda ba ta cika kasuwa ba sai ƙarshen ƙarni na 19. Ka ciro ƙusa ɗaya daga rafta, ka riga ka sami abin kamawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a wasu ƙasashen da irin waɗannan alamu ake rubuta littafi guda. A Ingila an yi harajin taga daga 1696 zuwa 1851, mutane suka riƙa toshe tagoginsu da bulo don su rage biya, kuma har yau ana nuna wa yara irin waɗannan tagogin. A Amurka kamfanin Sanborn ya riƙa zana taswirar garuruwa domin masu inshorar gobara, gini bayan gini, na bulo da launinsa, na katako da nasa, yanzu da su masu bincike ke gano abin da kowane shago yake a da. Su ba su raina kanti da shagon aski ba. Mu kuma a gidan rediyo ake ce mana a haƙura, ya ɓata.

Ba ku ma taɓo dalilin da ya sa titin ke rayuwa ko ya mutu ba. Shago hanya yake bi. Inda aka kafa tashar jirgin ƙasa ko ta mota, nan shaguna ke yin layi, ranar da aka karkatar da kwalta ta bayan gari kuwa, sai ka ga ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Haka ta faru da ƙananan garuruwan da ke kan hanyar nan ta Route 66 a Amurka bayan dokar manyan tituna ta 1956, har aka soke hanyar a 1985. Na ga irin haka da idona a garuruwan da na yi aiki, masu shaguna suna kirana in toshe ƙofar gaba in fasa wata ta baya, don su mai da wurin ɗakin kwana.

Kuma tsofaffin da suka yi ciniki a waɗannan shaguna ba duka suka rasu ba. Akwai dattijon da zai jera maka masu shagunan titi guda daga wannan kai zuwa wancan, har da wanda ya karye da wanda ya gaji ubansa. Ku aika ɗan rahotonku da rikoda ya zauna da su, ya tafi da magini ɗaya, kafin katafila ta riga ku. Abin da ake rushewa a yini ɗaya ba ya dawowa, kuma idan mai mulki ya ji a rediyo cewa wurin ba shi da tarihi, kun sauƙaƙa masa sa hannu.

Sannan don Allah ku yi wa mai kula da sauti magana. Kiɗan da yake sawa a ƙarƙashin hira ya fi muryar masu maganar ƙarfi, mu da kunne ya fara nauyi sai mun manna rediyo a kunne. Talla kuma a riƙa bari mutum ya kai ƙarshen zancensa kafin a sako ta.

Na gode.

Naku,
Wani tsohon birkila mai sauraronku