A gyara gadoji tun kafin rodi ya fito fili

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan gadojin kankare. Galibi rodin da ke ciki ne ke cin gada, ruwa da gishiri su shiga ta tsaga, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki, sai ka ga an zo an shafa siminti an yi fenti wai an gyara, alhali ciwon yana nan. Gadar Morandi a Jenowa ta Italiya da ta rufta a 2018 mutum 43 ta kashe, wallahi abin tsoro ne.

Yanzu akwai zaren kabon, wato wani irin zare mai ƙarfi da ake yi da sinadarin kabon, da ake mannawa a ƙarƙashin gada ko a naɗe ginshiƙi da shi, da gam mai ƙarfi. Ba ya tsatsa, nauyinsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfe ne, kuma ya fi rodi jure ja. Tun 1991 aka gyara gadar Ibach a Siwizalan da shi, Japan ma bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995 sun naɗe ginshiƙai da yawa da shi, aiki ne mai sauri kuma ba lallai a rufe hanya wata da watanni ba.

Amma fa sai an kankare ruɓaɓɓen wuri an magance tsatsar tukuna, in ba haka ba zai ɓamɓare, gam ɗin kuma ba ya son wuta. Ina roƙon hukumomi su horar da injiniyoyi da leburori kan wannan aiki, su riƙa duba gadoji a kai a kai.

Naka,
Mai karatu