Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mana da babbar motar alfarma mai lantarki

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa ne a madadin ƙaramin kamfaninmu na hayar motoci da ke Abuja, game da babbar motar nan ta alfarma mai kujeru bakwai, ƙirar ƙasar Sin, mai aiki da lantarki zalla, wadda muka saya a hannunku. Na zaɓi in buga wasiƙar a fili saboda saƙonnin da muka aika wa sashenku na kula da masu saye ba su samu amsa a rubuce ba, kuma saboda na san akwai abokan sana'a da ke shirin sayen irinta bisa alƙaluman da aka nuna mana. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin har yanzu ina sa ran za a warware al'amarin cikin mutunci.

Motar kanta ba ta da makusa a wajen zama. Kujerun baya suna kwantawa, ciki shiru, kuma duk baƙon da muka ɗauko daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zuwa cikin gari yakan yaba. Ƙorafina yana kan abin da aka faɗa mana kafin mu biya kuɗi, wato nisan da take ci da caji ɗaya, da lokacin da cajin yake ɗauka, da ƙarfinta a kan hanya. Dukkan alƙaluman nan an auna su ne a ƙasar Sin, da ma'aunin ƙasar Sin, a kan na'urorin caji na ƙasar Sin, kuma aka miƙa mana su ba tare da kalma ɗaya ta bayani ba, kamar a nan aka auna su.

Takardar tallarku ta ce motar tana tafiyar kusan kilomita 700 da caji ɗaya. A ƙasan lambar, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta CLTC, kuma babu wani ma'aikacinku da ya gaya mana ma'anarsa. CLTC shi ne gwajin da hukumomin Sin suke amfani da shi wajen auna nisan motoci. Ana yin sa ne a ɗakin gwaji, motar tana kan na'ura mai juya tayoyi, kuma zagaye ɗaya na gwajin minti 30 ne, mai tsawon kimanin kilomita 14 da rabi. Matsakaicin gudun da ake yi a cikinsa bai wuce kilomita 29 a awa ba, mafi girman gudun kuwa kilomita 114 ne, shi ma na ɗan lokaci, sannan sama da kashi ɗaya cikin biyar na lokacin motar a tsaye take cik. Zafin ɗakin yana wajen digiri 23, kuma na'urar sanyaya ciki a kashe take. An tsara gwajin ne don ya yi kama da tuƙi a cunkoson manyan biranen Sin, inda motar lantarki ta fi samun sauƙi, domin duk lokacin da aka taka birki injinta yana mayar da wani kaso na wutar cikin batir. Ko gwajin WLTP da Turai take amfani da shi ya fi wannan tsanani, domin a cikin minti 30 ɗin yana cin sama da kilomita 23, da matsakaicin gudu na kusan kilomita 47 a awa, kuma yana kaiwa har 131. Shi ya sa mota ɗaya takan fito da lamba babba a Sin, ta kuma fito da ƙarama a Turai. Wanda ya auna maka hatsi da ƙaramin mudu, ya bar ka kana lissafi da babban mudun kasuwarku, bai yi ƙarya a ƙidaya ba, amma ya cuce ka a ciniki.

Ranka ya daɗe, mun faɗa wa mai sayarwarku tun ranar farko cewa rabin aikinmu kai baƙi ne Kaduna da Zariya da Kano. Daga Abuja zuwa Kano tafiya ce ta sama da kilomita 400, kuma ya amsa mana da cewa za mu je mu huta da sauran caji mai yawa. A kan babbar hanya abin ba haka yake ba, kuma dalilinsa sananne ne ga duk wanda ya san ƙirar mota. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne fiye da yadda gudu yake ƙaruwa, ta yadda idan gudu ya ninka biyu turjiyar takan ninka huɗu, ita kuwa wannan mota doguwa ce mai faɗin goshi, tsawonta ya haura mita 5, nauyinta kuma ya doshi tan 3 kafin a saka mutum bakwai da akwatunansu. Idan direba ya riƙe gudun kilomita 110 a awa, da na'urar sanyi tana aiki don gaba da baya a zafin watan Afrilu, lokacin da Kano take haura digiri 40, abin da muke samu bai kai kashi biyu cikin uku na abin da kuka tallata ba. A aikace wannan yana nufin motar takan isa bakin Kano da ɗan abin da ya rage a batir, kuma direba yana tuƙi ne idonsa a kan allo, yana rage gudu, wani lokaci har ya roƙi baƙo ya yi haƙuri a rage sanyi. Baƙon da ya biya kuɗin motar alfarma bai biya don a roƙe shi wannan ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Hanyar nan ta daɗe ana aikinta, akwai wuraren da ake karkatar da motoci, akwai cunkoson manyan motoci da kan riƙe mutum tsawon lokaci, kuma kowa ya san tarihin rashin tsaro a tsakanin Abuja da Kaduna. Motar fetur idan mai ya ƙare, jarka ɗaya ta isa a tashe ta. Wannan kuwa idan ta tsaya, sai dai a nemo motar da za ta ɗauke ta gaba ɗaya, domin ba a jan motar lantarki da igiya tafiya mai nisa tayoyinta suna juyawa a ƙasa. Ba zan yarda in saka ran direbana da na baƙona cikin wannan hali da dare ba, don haka mun daina tura ta Kano, alhali don Kano muka saye ta.

Game da caji, takardarku ta ce batirin yana tashi daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin ƙasa da rabin awa. Wannan yana yiwuwa ne kawai a kan na'urar caji mai ƙarfin ɗaruruwan kilowat, irin waɗanda aka baza a hanyoyin Sin, kuma sai idan zafin batirin yana daidai. Na'urorin da muka samu a nan ƙarfinsu bai kai ko kusa ba. Batirin motar yana ɗaukar sama da yunit 100, irin yunit ɗin da muke saye a mitar gida, saboda haka daga kashi 10 zuwa 80 ana buƙatar sama da yunit 70, kuma na'ura mai ƙarfin kilowat 60 ba za ta ba da wannan ba sai an haura awa guda. Daga kashi 80 zuwa sama kuma cajin yana raguwa sosai don kare batir, mu kuwa ba mu da zaɓi sai mun cika ta maƙil kafin doguwar tafiya.

Bakin cajin ma wata matsala ce da aka ɓoye mana. Motar ta zo da baki irin na Sin, wanda ake kira GB/T, alhali da yawa daga wuraren cajin da muka je bakin Turai suke da shi, wato CCS2. Bambancin bai tsaya a siffar fulogi ba, domin hanyar da mota take musayar bayanai da na'urar caji ma ta sha bamban a tsakanin tsare-tsaren biyu, kuma dole mahaɗin da za a saka ya kasance yana da kwakwalwar da take fassara wa kowane ɓangare. Mahaɗin da kuka sayar mana daga baya, da ƙarin kuɗi, yakan yi aiki a wata na'ura ya ƙi a wata, yakan yi zafi, kuma yakan katse cajin a tsakiya. Da muka tambaya ko garantin batir yana nan idan matsala ta taso ta hanyar wannan mahaɗi da ku da kanku kuka ba mu, ma'aikacinku ya ce zai bincika, kuma har yau muna jiran abin da ya binciko.

A garejinmu kuwa, akwatin cajin bango da kuka girka yana ba da kilowat 7 ne, wanda ke nufin cika batirin daga ƙasa yana cin sama da awa 15, tunda wani kaso na wutar yana salwanta a hanya. Igiyar da ake sakawa a soket na gida takan buƙaci kusan kwana biyu. Idan ƙarfin wuta ya yi ƙasa, ko aka ɗauke aka dawo da ita, akwatin yakan tsaya, kuma ba kullum yake ci gaba da kansa ba, sai direba ya zo da asuba ya tarar da batir a rabi. Ina so in yi adalci a nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, cajin mota da wutar gari ya fi sayen mai sauƙi nesa ba kusa ba, ko da a farashin rukunin Band A na masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, wanda ya haura Naira 200 kowane yunit tun watan Afrilun 2024. Amma ranar da dole sai da janareta, lissafin yakan rushe, domin lita ɗaya ta dizal tana ba da kimanin yunit 3 ne, don haka cika wannan batir yana shan sama da lita 30. Kamfanin da yake sayar da mota a Najeriya ya san wannan, kuma ya kamata ya zauna da mai saye a yi lissafin tare kafin a biya.

Ƙarfin motar ma yana da sharaɗin da ba a faɗa ba. Gaskiya ne tana tashi da sauri mai ban mamaki idan batir ya cika kuma bai yi zafi ba. Amma bayan doguwar tafiya a rana, ko idan caji ya yi ƙasa, kwamfutar motar takan rage ƙarfin da injin yake samu, kuma hakan yakan faru ne a daidai lokacin da direba yake son wuce tirela a wurin da hanya ta koma hannu ɗaya. Nauyinta yana cin taya da wuri, girman tayar kuma ba a samunsa a kasuwa sai an yi oda. Batirin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin motar, don haka kowane rami da kowane tudun rage gudu abin fargaba ne, kuma ba ku da makanike ko ɗaya da aka horar kan duba batir mai ƙarfin wuta irin wannan. Taswirar da ke kan allo ta Sin ce, ba ta san hanyoyinmu ba, manhajar wayar da ake duba caji da ita tana neman lambar wayar Sin kafin ta buɗe, sabunta kwamfutar motar ta intanet kuma bai taɓa yiwuwa ba tun da muka karɓe ta.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani a fili cikin harshen da zai fahimta, ta hana tallar da za ta ɓatar da shi, kuma ta ba shi haƙƙin samun kayan da suka dace da buƙatar da ya bayyana wa mai sayarwa. Mu mun bayyana buƙatarmu, mun ambaci Kano da sunanta.

Abin da muke nema bai fi ƙarfinku ba. Muna so injiniyanku ya hau motar tare da direbanmu daga Abuja zuwa Kano, da fasinjoji da kaya da na'urar sanyi a kunne, a rubuta abin da aka samu, kuma wannan lamba ta shiga takardar tallarku kusa da ta CLTC, da bayanin bambancinsu da Hausa da Turanci. Muna so a ba mu mahaɗin caji da aka gwada a kan na'urorin da ke ƙasar nan, tare da takarda mai sa hannunku da ke tabbatar da cewa amfani da shi bai taɓa garantin batir ba, kuma a faɗa mana a rubuce inda za a kai motar da wanda zai gyara ta idan batirin ya samu matsala. Idan kuwa kun tabbatar motar ba za ta iya aikin da muka saye ta dominsa ba, to ku karɓe ta a zauna a yi maganar mayar da kuɗi ko musanya ta da wadda za ta iya.

Muna jiran amsarku a rubuce cikin kwana 14 daga ranar da aka buga wannan wasiƙa. Idan wa'adin ya cika ba mu ji daga gare ku ba, za mu miƙa ƙorafinmu ga hukumar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, tare da takardar talla da rasit da bayanan cajin da muka adana.

Na gode, Allah Ya ƙara girma.

Naku,
Mai kamfanin hayar motoci,
Abuja