Litiyam na ruwan gishiri daban, na dutsenmu daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ana ta yayata cewa an samo hanya mai tsafta ta fitar da litiyam na batir, har wasu a nan Kebbi sun ɗauka da mu ake. A bambance zance.

A Chile da Ajantina da Bolibiya, litiyam narke yake cikin ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙasa. A tsohuwar hanya, famfo ke zuƙo ruwan, a baza shi cikin manyan tafkuna, rana ta yi ta ƙafar da shi wata 12 zuwa 18. Gishiri ke fara kwantawa, a yi amfani da farar ƙasa a fitar da magniziyam, daga ƙarshe a zuba soda, litiyam ya kwanta fari fat. Kusan rabinsa salwanta yake a hanya, ruwan kuma ya tafi sama ke nan, a hamadar Atakama ta Chile inda ruwan sama sai an daɗe.

A sabuwar hanyar da ake yayatawa, ruwan na bi ta tankuna cike da ƙwayoyin sinadarin alminiyam masu kama litiyam su ƙyale sauran. Cikin awanni an gama, a mayar da ragowar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sai dai ba a sakin litiyam daga ƙwayoyin nan sai an wanke su da ruwan daɗi mai yawa, abin da yankin ya fi rashi. Ƙarfe da silika, wato sinadarin yashi, kan toshe ƙwayoyin. In kuma aka mayar da ragowar kusa da rijiyar da ake zuƙa, ta tsarma ruwan gishirin, amfanin ya ragu. Ga cin wutar lantarki.

Namu na Libata, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin dutse yake, ba abin da tankunan nan za su tsinana masa. Fasawa ake a niƙa a wanke, kuma kafin irin wannan dutse ya shiga batir sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000, a bi shi da asid. Haɗarinmu ƙurar silika ce mai taurara huhu, da ruwan wankin da zai iya gangarawa Kogin Kwara. Mun ga abin da niƙan dutsen zinare a tsakar gida ya jawo a Zamfara a 2010, gubar dalma ta kashe yara sama da 400.

Don Allah ku tura wakilinku ya tambayi masu lasisin haƙar litiyam a Libata lita nawa ta ruwa suke ɗiba a rana, ina suke zubar da laka, kuma ko a jiƙe ake niƙa dutsen.

Mai karatunku,
daga Yawuri, Jihar Kebbi.