Kira ga matasa masu shirin intabiyun aikin ofis

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda 'ya'yanmu ke shirya wa intabiyun aikin mataimakin jami'in gudanarwa, wato aikin da a zamaninmu muke kira aikin sakatare. Na daɗe ina wannan aiki a nan Kaduna, kuma kafin in yi ritaya na sha zama cikin kwamitin tantance masu nema.

Abin da na lura da shi shi ne, yawancin matasa sukan ƙarar da makon ƙarshe wajen bin tela da haddace amsoshin Turanci daga intanet, alhali tambayoyin baka ba su cika wuce minti goma ba. Inda ake rarrabe aya da tsakuwa shi ne lokacin da aka zaunar da mutum gaban kwamfuta, aka miƙa masa wasiƙar da shugaba ya rubuta da hannu, aka ce ya buga ta cikin minti goma sha biyar. Na tuna wata yarinya mai babbar difloma wadda ta burge mu da zance, amma da ta zauna sai ga ta tana neman haruffa da yatsu biyu kamar kaza na tsintar tsaba, ta manta lambar fayil da kwanan wata, sannan ta rasa inda za ta ajiye takardar bayan ta gama. Wanda ya samu aikin wani yaro ne mai ƙaramar difloma daga Rigasa, wanda ya yi shekara biyu yana taya yayansa aiki a shagon buga takardu.

Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke nan garin, tuni ta sauya wa kwas ɗin sakatare suna zuwa fasahar ofis da gudanarwa, kuma da wannan suna ake koyar da shi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Dalilin sauyin a fili yake, domin keken rubutu ya kau, yanzu Word da Excel da imel ake tambaya. Saboda haka wanda ba shi da kwamfuta a gida ya daure ya biya kuɗin awa guda kullum a shago, ya riƙa buga wasiƙa, da tsara jadawalin taro, da rubuta bayanan abin da aka tattauna, har hannunsa ya faɗa.

Akwai kuma tambayar da nake yawan yi wa masu nema: idan shugabanka ya fita, sai wani babban mutum ya shigo ya ce ka ba shi wani fayil, me za ka yi? Da yawa sukan ce za su bayar don girmamawa, kuma a nan suke faɗuwa. Amsar da muke jira ita ce a ba baƙon wurin zama cikin ladabi, a kira shugaba a waya, kuma kada fayil ya bar ofis sai da izini da sa hannu a rajista, domin teburin sakatare ne takardun albashi da na ladabtarwa ke bi.

Batun takardu kuwa, a zo da na asali tare da kwafi, har da shaidar kammala hidimar ƙasa da lambar NIN. A duba rubutun suna tun da wuri, domin na ga wanda Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata suka jawo masa jinkiri, alhali takardar rantsuwa daga kotu za ta iya raba gardama. Wanda zai taso daga Kawo ko Kakuri da safe ya ƙara wa kansa awa guda saboda cunkoso, ya kuma kashe ƙarar wayarsa tun daga bakin ƙofa.

Naku,
Wani tsohon sakatare,
Unguwar Sanusi, Kaduna.