Godiya ga shagon da ya ce in kawo injin tukuna

Assalamu alaikum, maigidan shago da dukkan ma'aikatanka.

Ba al'adata ba ce in rubuta wa masu kanti wasiƙa, domin ciniki idan ya ƙare ya ƙare. Amma wannan karon na koma gida ina ta ba mutanen gidana labarinku har suka gaji da ni, sai na ga gara in rubuta kowa ya gani.

Ni mutum ne mai son tsofaffin injinan zarto, irin na sare bishiya da tsaga katako. Watanni huɗu da suka wuce na sayi wani tsohon Stihl 070 a hannun magadan wani mai aikin katako. Wanda ya san injin nan ya san ba abin wasa ba ne: cc 106 gare shi, magajin wani inji ne mai suna Contra, wanda kamfanin Stihl ya fitar a 1959, kuma nauyinsa kaɗai ya isa ya sa ka tuna shekarunka. Na duba fistin ta ƙofar salansa, babu ko ƙarzuwa. Na ja igiya, ya tashi a ja na uku. Abin da kawai babu shi ne sarƙa da doguwar faifan ƙarfen da take kewayawa a kai, wanda ni takobi nake ce masa (Jamusawan da suka ƙera injin ma sunan da suke kiransa ke nan a harshensu). Na ce a raina wannan ai aikin yini ɗaya ne. Ashe wata uku zan yi ina yawo.

Shagon farko tambaya ɗaya aka yi mini: inci nawa kake so? Na faɗa, aka miƙo mini takobi mai sunan kamfanin a jiki, aka ce duk ɗaya ne. Da na je gida sai ya ƙi shiga. Tsagar da ke gindinsa milimita 12 ce da ɗan abu, notunan da ke jikin 070 kuwa sai tsaga mai milimita 14. Na koma washegari da rasit a hannuna. Yaron da ke kanta ko kallona bai yi ba, yana danna waya ya ce in sa magagari in faɗaɗa, wai haka kowa yake yi, kuma kayan da ya fita ba ya dawowa.

Shago na biyu sun fi na farko sanin abin da suke yi, ko kuma sun fi iya nuna sun sani. An buɗe littafi, aka ce 070 sarƙa mai taki .404 yake ɗauka (taki shi ne awon tazarar ƙusoshin sarƙa, da inci), mai kaurin inci .063. Gaskiya ne, haka littafin ya ce. Takobin ya zauna daram. Amma ina tayar da inji sai sarƙa ta riƙa tsalle tana kaɗawa kamar za ta fice ta same ni a fuska. Na ɗaure, na sassauta, na sake ɗaurewa, ba abin da ya canja. Cikin minti goma harsunan sarƙar, wato ƙananan ƙarafan da ke gudu cikin kwarmin takobi, duk sun tauye. Da na mayar, mai shagon ya ce ni ne ban iya ɗaura sarƙa ba. Wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo, domin na yi shekaru ina wannan abu, kuma a gaban mutane ya faɗe ta.

Na uku ta intanet na saya. Sarƙar ta zo da tsawon da ko na murɗa notin ɗaurewa har ƙarshensa tana reto a ƙasa. Na aika saƙo sau uku, har yau ba amsa.

A wannan hali na kira lambarku, kuma gaskiya ba da kyakkyawan zato na kira ba. Na riga na shirya faɗa. Matar da ta ɗauki wayar ta bar ni na gama zuba duk abin da ke cikina, sannan ta ce, Malam, kada ka sake sayen komai, ka ɗauko injin kansa da duk abin da ka saya ka zo da su, Baba zai duba. A wata ukun nan ita ce mutum ta farko da ta nemi ganin injin.

Dattijon da take nufi shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ba zan ambaci sunansa ba tunda ban nemi izininsa ba, amma kun san shi, mai tabarau ɗaure da zare da ke zaune a tebur na can ciki. Bai buɗe littafi ba. Ya kwance murfin gefe, ya zare ƙaramar giyar da ke jan sarƙa daga bayan kuloci, ya wanke ta da fetur, ya miƙo mini ya ce, ɗana, karanta abin da ke jiki. Na duba, sai ga 3/8 a rubuce ɓaro-ɓaro. Wani daga cikin waɗanda suka riƙe injin kafin ni ya canja giyar, ya mayar da shi na sarƙa mai taki 3/8. Littafi yana faɗin yadda injin ya fito daga masana'anta ne, ba ya faɗin hannun mutum nawa ya bi a shekara arba'in ko hamsin. Baba ya ce a tsohon inji lambar da ke jikin murfi shaida ce kawai, alƙali shi ne awo.

Daga nan ya zaunar da ni a benci ya koya mini abin da ya kamata a ce na sani tuntuni. Ya ɗauko ma'auninsa ya auna tsakanin ƙusoshi uku a jere a jikin sarƙa, ya ce ka raba biyu, shi ne takinta. A sarƙar 3/8 ƙusoshi ukun nan kusan milimita 19 ne, a ta .404 kuwa kusan 20 da rabi. Ido ba zai ga bambancin ba, amma haƙorin giya yana ganinsa sau dubbai a kowane minti, shi ya sa sarƙata ta yi ta tsalle har ta lalace. Sai kaurin harshe, wanda dole ya dace da faɗin kwarmin takobi: akwai milimita 1.1, da 1.3, da 1.5, da 1.6. Idan harshe ya yi siriri sarƙa ta kwanta gefe ta yanka karkace, idan ya yi kauri ta cije ta yi zafi. Na uku shi ne yawan harsunan, kuma a nan ne ya yi dariya da na ce masa inci kawai aka tambaye ni. Ya ce takobi mai inci 18 da sarƙar 3/8, na Stihl harsuna 66 yake ci, na Husqvarna 68, ga shi duka inci 18 aka rubuta. Wanda ya sayar maka da sarƙa bai tambayi yawan harsuna ba, caca yake yi da kuɗinka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya warware matsalar. Hanya biyu ce, kuma ya shimfiɗa mini su duka. Ko in sayi sabon takobi da sabuwar sarƙa masu dacewa da giyar 3/8, wanda shi ne cinikin da ya fi wa shagonku riba, ko a canja ƙaramar giyar nan kaɗai a mayar da ita .404, in ci gaba da takobin da na riga na saya a wani wuri. Ya ce ta biyun zai zaɓa da injinsa ne, domin inji mai ƙarfin wannan babbar sarƙa ta fi dacewa da shi. Sarƙar intanet da ta yi tsawo ya cire mata harsuna huɗu ya sake haɗa ta da sabuwar ƙusa. Wadda ta tauye ya ce in jefar, kada in yi rowa da ita, sarƙar da ta tsinke inji na gudu ba ta neman izini. Takobin shagon farko ma bai ce ya zama asara ba. Ya nuna mini cewa ko na faɗaɗa tsagar, ramin mai da ramin ɗaurewa ba za su zo daidai da na injin ba, sarƙa ta bushe ta ƙone. Ya tambaya ko ina da injin Stihl 041 ko 038 a gida. Ina da 041. Ya ce to nasa ne, ka ajiye masa.

Yana wasa haƙoran sarƙar yana ba ni labarin Joseph Cox, Ba'amurken da ya tsaya kallon yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture da muƙamuƙanta, dama da hagu, ya kwaikwayi hakan ya ƙera irin sarƙar da muke amfani da ita, a 1947. Na taɓa jin labarin, amma ban katse shi ba. Da ya gama ya fita da injin waje, ya tayar, ya nufi kan takobin wajen wani kwali har muka ga layin mai ya fesu a jiki. Sannan ya kashe, ya dube ni da kyau ya ce, ɗana, wannan ba shi da birkin sarƙa irin na injinan yanzu. Idan saman hancin takobi ya taɓa itace ya yi tsalle baya, babu abin da zai tsayar da shi sai hannunka, don haka babban yatsanka ya zagaye mariƙi kullum, kuma kada ka tsaya a saitin takobin. Shaguna uku sun karɓi kuɗina, babu wanda ya ga ya dace ya faɗa mini wannan.

Ban san yaushe sayar da kayan aiki ya koma miƙo kwali da karɓar kuɗi ba. Za ka shiga wuri cike da kaya har rufi, amma babu ko ma'auni ɗaya a kan kanta, kuma wanda aka ajiye ya sayar bai taɓa riƙe injin a hannunsa ba. Ka tambaye shi bambancin sarƙa biyu ya ce wannan ta fi tsada. Idan kaya bai yi ba laifin mai saye ne, idan tsohon inji ka kawo a ce ka yar ka sayi sabo, alhali da yawa daga cikin tsofaffin nan ƙarfensu ya fi na abin da ake so a sayar maka. Kuma ba a kayan zarto kaɗai ba, haka abin yake a kayan famfo, da na janareta, da na keken ɗinki. Masu sanin aikin suna tsufa suna tafiya, ba a ajiye kowa kusa da su ya koya. Shi ya sa na ji daɗi da na ga yara biyu a tsaye bayan Baba suna kallon hannunsa lokacin da yake haɗa sarƙar. Maigida, don Allah ka riƙe su da kyau.

Kafin in tafi ya rubuta mini taki, da kauri, da yawan harsuna, da faɗin tsaga a ɗan kati, ya ce in manna a cikin akwatin injin saboda wanda zai gaje shi bayana. Na manna. Injin ya tsaga gungume shida a makon nan ba tare da sarƙa ta motsa daga wurinta ba. A gaya wa Baba ina nan tafe da wani Homelite XL-12 da ya shekara biyu a ƙarƙashin teburina babu takobi, kuma ban sayi komai ba tukuna. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naku,
Wani mai tara tsofaffin injinan zarto